Yadda Kamfaninka Zai Dogara da Buɗaɗɗiyar Manhaja Ba Tare da Ya Taka Doka Ba

Ƙananan kamfanonin da ke gina wa makarantu da shagunan magani manhaja a Bauchi, daga Yelwa har Wunti, yawancinsu a kan Linux da WordPress da MySQL suke ɗora aikinsu. Duk buɗaɗɗun manhajoji ne, wato waɗanda aka bar kod ɗinsu (rubutun umarnin da aka gina su da shi) a fili ga kowa. Ko sisi ba a biya, amma kowacce tana da lasisi, kuma lasisin yana da sharuɗɗa.

Da farko, ka san abin da ke cikin manhajarka. Ka sa wanda ya rubuta ta ya buɗe fayil ɗin package.json ko requirements.txt, ya fitar da jerin duk abin da ya jawo daga intanet, kowanne da sigarsa da lasisinsa.

Na biyu, ka ware lasisin gida biyu. Lasisin MIT da BSD da Apache 2.0 sun ba ka damar gyarawa, ka sayar, ka kuma ɓoye naka kod ɗin. Abin da suke nema kaɗan ne: kada ka goge sunan masu haƙƙin mallaka da rubutun lasisin. Gida na biyu kuwa, wato lasisin GPL, sai an natsu. Idan ka gina a kan manhaja mai GPL, ka je ka saka wa mai kemis a kasuwar Muda Lawal a kwamfutarsa, to yana da haƙƙin ka ba shi kod ɗin a ƙarƙashin GPL ɗin nan, ba ka da hurumin hana shi rabawa. In a sabarka (kwamfutarka da ake shiga ta intanet) kaɗai take aiki, wannan bai hau kanka ba, sai dai idan AGPL ce: ita ko ta intanet ake amfani da abin da ka gyara, dole ka ba da kod.

Na uku shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Duk lasisin nan sun faɗa ƙarara cewa babu garanti. Da aka gano ɓarakar tsaro a Log4j, wata buɗaɗɗiyar manhaja da kamfanoni da yawa ke amfani da ita, a Disambar 2021, 'yan sa-kai ne suka toshe ta, amma kowane kamfani shi ya kwana yana sabunta nasa. A nan gida kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 tana nan. Idan bayanan ɗalibai suka fita, hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) makarantar za ta tuhuma, da kai da ke riƙe wa makarantar bayanan, babu ruwanta da wanda ya rubuta kod kyauta. Don haka ka sanya kuɗin kulawa na wata-wata a takardar kwangila tun kafin a sa hannu, ka kuma kunna Dependabot a GitHub, shafin ajiye kod, ya riƙa sanar da kai idan an gano ɓaraka a abin da ka jawo.

Na huɗu, ka sa ido, lasisi yana canjawa. Redis, wata manhajar ajiye bayanai, ta canja nata a Maris 2024, shi ya sa wasu suka ɓalle suka kafa Valkey daga tsohon kod ɗinta. Tsohuwar sigar da ke hannunka tana nan a kan tsohon lasisinta.

Sai batun ramawa. Doka ba ta tilasta maka ba, amma a ganina rashin kara ne ka ci riba da gumin wasu ka yi gum. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a 2014 a OpenSSL, manhajar da ke tsare bayanai a intanet, gudummawar da take samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali bankuna da manyan kamfanoni a kanta suke. In ka ga matsala a manhajar da ka ɗauko, ka rubuta wa masu ita cikin ladabi, ka faɗi sigar da yadda abin ya faru. In ta tsaro ce, ka tura a asirce zuwa adireshin da suka tanada, kada ka baza ta a fili.