Manhaja tana aiki a wajenka, a shagon Alhaji ta ƙi: ga inda zaka fara dubawa

Duk mai rubuta manhaja a nan Saudiyya, ko irin wadda ake ɗorawa kan kwamfutar kanti da ofishin ƴan umara ce ko ta intanet, ya san wannan kiran. Bayan isha'i ka zauna zaka ci abinci sai jawwal ta ɗau ƙara, Alhaji ne daga shagonsa na Shara Mansur, "Malam abin nan naka ya tsaya fa, ga mutane sun yi layi." Ka buɗe taka kwamfutar ka ga komai lafiya lau. To dan Allah kar bakinka ya suɓuce kace "ai a wajena yana aiki", Alhaji ba don ya yi aiki a ɗakinka ya biya kuɗi ba.

Kar ka taɓa kod tukuna. Kace masa Alhaji a ɗaukar min hoton allon yadda yake, da rubutun da ya fito gaba ɗaya, sannan a faɗa min me aka danna kafin nan, sunan wa aka shigar, ƙarfe nawa. Yaran shago suna da saurin danna OK su rufe saƙon kafin kowa ya karanta, sai ka roƙe su su bari. Rabin maganin yana cikin wannan rubutun da suke rufewa.

Abin da na lura dashi a shekarun da nayi ina wannan aikin tsakanin Makka da Jidda shine yawancin matsalar ba a lissafinka take ba, bambancin kwamfuta ne. Taka an saita ta da Turanci, tashi da Larabci. Saboda haka ka mayar da taka irin tashi. Danna maɓallin Windows da R, rubuta intl.cpl, ka canza tsarin zuwa Larabcin Saudiyya, ka leƙa shafin Administrative ka canza yaren tsofaffin manhajoji shima, ka kashe ka kunna. In kana jin ƙyuya ka ware wata tsohuwar laftof ka barta a haka kullum, ni haka nayi. Sau da yawa daga nan kawai zakaga matsalar ta fito fili a gabanka.

Ta farko da take kama ƴan C# masu WinForms ita ce kwanan wata. A .NET Framework in kwamfuta tana kan ar-SA, wato saitin Larabcin Saudiyya, kalandar da take bi ita ce Ummul Ƙura, wato Hijiriyya. Kai ka rubuta DateTime.Now.ToString() kana jiran shekarar Miladiyya sai ta miƙo maka dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu, ka ɗauka ka haɗa cikin SQL ka tura, databes ta ƙi karɓa ko kuma ta karɓa ta ajiye shirme, wanda wannan ya fi muni. Haka in ka bata "14/06/2024" kace ta karanta, zata ɗauka 2024 ɗin Hijiriyya ce, ita kuma kalandar daga 1318 zuwa 1500 kawai ta sani, kusan 1900 zuwa 2077 kenan, sai ta yi tsalle ta faɗi. Ko kwanan watan da ba'a cika ba, wanda yake zama shekara ta 1, in kace a nuna shi haka zata yi. Maganin: duk inda na'ura ce zata karanta, ka sa CultureInfo.InvariantCulture, ka tura kwanan wata a matsayin kwanan wata ta hanyar faramita (wato ka miƙa shi daban da umarnin SQL) ba rubutu ba. Hijiriyya kuma a nuna wa mutum ita a allo da rasit, amma abin da ke kwance a databes ya zama Miladiyya. A burauza ma kar ka bar shi ya zaɓar maka, ka faɗa masa ƙarara, ar-SA-u-ca-gregory in Miladiyya kake so, ar-SA-u-ca-islamic-umalqura in Hijiriyya.

Sai haruffa, nan zan ɗan daɗe don nan ne mutane suke asarar bayanai. In rubutun Larabci ya lalace, ka kalli irin lalacewar, ita da kanta zata gaya maka ciwon. In kaga cike yake da Ø da Ù, rubutun UTF-8 ne aka karanta shi da tsarin Turawan yamma. In kaga irin ÇáÓáÇã, wannan kalmar السلام ce da aka ajiye da Windows-1256, tsohon tsarin Larabci, aka buɗe da na Turawa. In kuma ط da ظ ne suke ta maimaituwa a tsakanin wasu alamomi, UTF-8 ne aka karanta da 1256. Duk waɗannan ukun da sauƙi, bayanan suna nan, tabarau ne ba daidai ba, ka buɗe fayil ɗin a Notepad++ ka gwada canza tsarin har ya karantu sannan ka juya shi zuwa UTF-8. Amma in alamar tambaya ce zalla ????? kuma haka take a cikin databes ɗin kanta, innalillahi, wannan ya tafi, sai dai a sake shigarwa ko a dawo da ajiyar baya. Mu Hausawa abin ya same mu ta fuska biyu, don ƙ da ɗ da ɓ babu su a 1256 ɗin ma, sai kaga alhajin da ya fito daga Ƙanƙara an rubuta garinsu ?an?ara.

A SQL Server ka yi amfani da NVARCHAR ba VARCHAR ba, in kana rubuta magana kai tsaye cikin umarni ka sa N kafin ta, N'مكة' haka. A MySQL akwai tarko, abin da suka kira utf8 ba cikakke bane, bayit uku yake ɗauka, Larabci da Hausa zasu shiga amma ranar da wani ya sa emoji a sunan shagonsa sai ya ƙi. utf8mb4 zaka zaɓa, tun 2010 yake nan, kuma a tebur da haɗin da kake yi daga PHP duka, ba ɗaya ba. Na sha ganin wanda ya gyara tebur ya manta haɗin yana ta zagin MySQL. Fayil ɗin CSV kuma da mudir yake buɗewa da Excel ya ga shirme, ba laifin bayananka bane, ka sa masa BOM a farko, alamar da ke nuna UTF-8 ne, bayit uku ne EF BB BF, shikenan Excel zai gane.

Akwai wata da ta taɓa kunyata ni a wani ofishin masu kawo ƴan umara da nayi wa aiki ina sabon hannu. An shigar da mutum ɗari da wani abu lafiya, aka zo kan wani bawan Allah Mu'azu manhaja ta tsaya cak. Aka tsallake shi, aka zo kan Sa'adatu ta sake. Ashe wannan ɗan waƙafin sama na cikin sunan ne yake rufe maganar SQL tun bata ƙare ba, don ni na haɗa umarnin ne da alamar tarawa kamar mai ɗinkin faci. Mu da muke da Rabi'u da Isma'il da Asma'u a kowane gida bamu da uzuri. Kar ka ce zaka goge alamar daga sunan mutane, faramita zaka koya, kuma ita ce dai take toshe ƙofar da ɓarayi suke bi su kwashe databes.

Neman suna ma haka. Kashiya ya rubuta احمد bai samu ba alhali an ajiye أحمد, sai ya buɗe masa sabon asusu, bashi ya rabu gida biyu. Ka ƙara wani gurbi na nema kawai, inda zaka mayar da أ da إ da آ su koma ا, ة ta koma ه, ى ta koma ي, ka cire wasulla, sannan abin da aka rubuta a akwatin nema shima ka bi dashi ta wannan injin. Sunan asali kuma ka barshi yadda mai shi yake rubutawa.

Lambar igama, katin izinin zaman baƙi. Wannan kam kusan kowa sai ta cije shi sau ɗaya. Lamba goma ce, ta ɗan ƙasa tana farawa da 1, ta mu masu igama da 2. To int na yau da kullum iyakarsa 2,147,483,647. Kaga ta ɗan ƙasa zata shiga sumul, ka gwada da lambar kafil, ɗan ƙasar da ya tsaya maka, ka ce an gama, ranar da aka kawo mai 23 ko 24 a farko sai ta yi ambaliya. Dama can ba lamba bace da ake tarawa ko a ɗebe, suna ce, ka ajiye ta a matsayin rubutu. Lambar waya ma haka, in ba haka ba sifirin 05 ɗin nan ya gudu, lambar haraji mai lamba 15 kuma Excel ya mayar maka da ita wani abu mai E+14.

Sannan akwai masu shigar da ١٢٣ maimakon 123, musamman daga waya. A JavaScript parseInt zai baka NaN, wato ba lamba ba ce, daga nan jimla gaba ɗaya ta zama NaN a rasit. A C# abin ya fi ban haushi don char.IsDigit zai ce eh lamba ce, \d ma ya yarda, sai int.Parse ya zo ya ƙi. Python ce kawai naga tana karɓa ba gardama. Ka rubuta ɗan aiki guda da zai juya su tun a bakin ƙofa, daga U+0660 zuwa U+0669, ka haɗa da na Farisa da Urdu U+06F0 zuwa U+06F9 tunda ba Larabawa kaɗai ke zama kan kanta a garin nan ba.

Kuɗi kuma kar ka sa su a float ko double. Buɗe burauza ka rubuta 0.1 + 0.2 ka gani, 0.30000000000000004 zai baka. Ka yi amfani da decimal ko ka ajiye komai a halala, riyal ɗaya halala 100, sai wajen nunawa ka raba. Haraji 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, kafin nan 5 ne daga 2018, to kar ka binne adadin cikin kod, kuma kowane rasit ya riƙe adadin da aka yi masa lissafi dashi. In muhasib yana ƙorafin halala ɗaya ta ɓata, duba ko kana cike lissafi a kowane layi ne a wani wuri, a wani wurin kuma sai a jimla. Ɗaya zaka zaɓa.

QR ɗin fatura da ZATCA, hukumar zakka da haraji ta Saudiyya, ta wajabta tun Disambar 2021 shima yana da nashi. Kowane yanki lamba ce, sai tsawo, sai abin da ke ciki, sunan mai sayarwa, lambar haraji, lokaci, jimla, haraji, sannan a juya Base64. Tsawon nan na bayit ne ba na haruffa ba. Ka gwada da sunan Turanci ya yi, aka sa sunan shago na Larabci ya ƙi karantuwa, saboda kowane harafin Larabci bayit biyu ne a UTF-8, مؤسسة harafi 5 ce amma bayit 10. Ka fara juyawa zuwa bayit sannan ka ƙirga.

Sauran na yau da gobe ba sai na ja ba. A shafin intanet danna F12 kafin komai, ka duba Console da Network, 404 adireshi ne ba daidai ba, 401 da 403 maganar izini ce, 500 kuma ka bar burauza ka tafi log ɗin saba, fayil ɗin da take rubuta abin da ya faru. Ka gyara abu Alhaji yace bai canza ba, Ctrl da F5, kai kuma ka riƙa ƙara ?v=2 a ƙarshen sunan fayil. Jan rubutun CORS, wato burauza ta hana shafinka karɓo bayani daga wani adireshi, a saba ake gyara shi, duk abin da zaka yi a JavaScript ɓata lokaci ne. Lambar waya ta juye +966 ya koma ɗaya gefen a shafin Larabci, sa mata dir="ltr". A kwamfuta kuma kar manhajarka ta riƙa rubutu cikin Program Files, Windows zai hana, AppData aka tanada don haka, can zaka ajiye log mai kwanan wata da cikakken saƙon kuskure. In ta mutu ba sallama ka duba Event Viewer. Saƙon da ke cewa Microsoft.ACE.OLEDB, direban karanta Access da Excel, ba'a yi masa rajista ba, kusan kullum faɗan 32-bit da 64-bit ne, ka daidaita manhajarka da direban da ke kan injin.

Wadda ta fi wahalar dani ita ce ta azumi. Wata goma sha ɗaya shiru, Ramadan na kamawa mai bagala, wato kantin unguwa, ya fara kira wai cinikin dare yana komawa lissafin jiya. Na gwada da rana yafi sau ashirin ban ga komai ba. Ashe toISOString().slice(0,10) na sa don in samu ranar yau, shi kuma agogon duniya na UTC yake bi, mu muna gabansa da awa 3, saboda haka daga sha biyun dare zuwa ukun asuba a wajensa jiya ce. Da can shagon yana rufewa kafin sha biyu, da azumi kuwa sai sahur. Ka ajiye lokaci a UTC, wajen fitar da rana ka faɗi yankin da sunansa, Asia/Riyadh, in akwai reshe a Kano ko Yamai awa 2 suke bayanmu, Khartoum awa 1 tun Nuwamban 2017 da Sudan ta canza agogo, tsohuwar saba da ba'a sabunta ba har yanzu zata iya baka lokacinmu ɗaya dasu. Gwajin kuma ba sai ka hana kanka barci ba, ka mayar da agogon laftof ɗin nan taka ƙarfe ɗaya na dare ka buga rasit guda ka duba ranar da ta fito.