Canza birkin baya da kanka: wuraren da mutane suka fi kwafsawa

Yawancin masu ɓata aikin birkin baya mutane ne da suka taɓa canza fad na gaba (wato abin da ke matse faifan birki motar ta tsaya) sau ɗaya, abin ya tafi daidai, sai suka ɗauka na baya ma haka yake. Toh ba haka bane, dan hambirki a baya yake zaune, kuma rabin wahalar daga nan take fitowa.

Tun kafin a kai ga kalifa ma, wato ƙarfen da ke rungume da faifan birki yana riƙe fad, maganar ɗaga mota. Idan zaka yi aikin baya dole ka sauke hambirki, kaga kenan babu abin da ke riƙe motar, in kuma mai ja da gaba ce ka ɗaga bayanta giya ce kawai ta rage. A sa waigi a tayoyin gaba, gaba da baya, a kan ƙasa mai tauri wadda bata da gangara, sannan a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai, barin mota a kansa kana jijjiga ta da sifana wasa da rai ne, kuma bulo ba madadi bane dan yana farfashewa ba sallama.

Sai babban kuskuren, wanda shi yafi cin kalifa: danna fistin ɗin da ke cikinta, mai tura fad, da ƙarfi. A gaba kana sa matsi ka tura fistin ya koma ciki salin alin. A baya kuma motoci da yawa hambirkinsu a cikin kalifar yake, akwai zare kamar na noti a bayan fistin ɗin, saboda haka murɗa shi ake yi ana dannawa a lokaci ɗaya. Duba fuskarsa, in kaga tsaga biyu ko huɗu to na murɗawa ne. Mutum sai ya sa matsi yayi ta ɗaurewa yana cewa ai tsatsa ce ta kama shi, har ya lalata zaren ciki, kalifar da lafiyarta ƙalau ta tashi aiki. Akwai ƙarfen da aka yi musamman dan wannan, a nemo shi. Filaya mai dogon baki tana yi in an matsu amma tana zamewa ta yaga robar da ke kare fistin daga ƙura, in ta yage kuwa ruwa zai shiga, nan da wasu watanni fistin ya cije. Yawanci dama ake murɗawa amma akwai motocin da gefe ɗaya hagu ne, in yaƙi tafiya kar a yi ta kokawa, a duba littafin motar. Kuma bayan ya shige a tsayar da tsagar daidai inda ɗan ƙullutun da ke bayan fad zai faɗa ciki, in ba haka ba fad zai zauna a karkace ya cinye gefe ɗaya.

Motar da hambirkinta maɓalli ne ita kuma wani labarin ne daban. Akwai ƙaramin injin lantarki a jikin kalifar, sai an sa motar a yanayin gyara tukuna ya ja baya, wasu da na'urar duba kwamfutar mota, wasu kuma da jerin danne-danne da kamfanin ya tsara. Kar a tura fistin kafin nan, kuma kar wani ya taɓa maɓallin alhali kalifa tana waje, zai turo fistin har ya fito.

Lokacin da fistin ke komawa man birki sama yake hawa. In an taɓa yin ciko a tankin zai iya ambaliya, kuma man nan yana cin fenti. A buɗe bonet a duba, in ya cika a zuƙe kaɗan da sirinji.

Kar a bar kalifa tana lilo a jikin tiyon man birki. A rataye ta da waya a jikin sifirin. Tiyon na iya lalacewa daga ciki ba tare da an gani a waje ba, daga baya birki ya riƙa kamawa yaƙi saki. Haka ma masu matse tiyo da filaya mai kulle dan kar mai ya zuba, ɓarna ɗaya ce.

Faifan birki, wato disk, in yaƙi fita nan ma ake asara. Wasu motocin cikin faifan akwai ƙaramar ganga da shuu, wato takalman birki, na hambirki, su ke riƙe shi daga ciki. Sai mutum ya ɗauko guduma yayi ta jibga har sifirin ɗin shuu su tsinke. Hambirki dai a sauke, a cire 'yar robar da ke toshe rami a fuskar faifan, a juya har ramin ya zo daidai da ɗan wilin saiti mai haƙora, a sassauta shi da sukudireba. In tsatsa ce ta manne shi da hob, wato ƙarfen da faifai da taya ke zama a kansa, faifai da yawa suna da ramuka biyu masu zare, galibi M8, a ɗaura noti biyu a hankali bi da bi zai ɓalle da kansa. Bayan an sa sabo a tuna a mayar da saitin shuu ɗin, in an manta hambirki zai ja har ƙarshe motar na gangarawa.

Ga wanda ni a ganina shi aka fi rainawa: goge fuskar hob. Mutum ya sayi sabon faifai, ya ɗora shi a kan tsatsa, kaurin da ido ma baya gani ya isa ya sa faifan ya zauna a karkace, bayan tafiyar wasu dubban kilomita feda ta fara bugun ƙafa sai a ce ai kayan jabu ne aka sayar masa. A sa burushin ƙarfe da sanfefa a goge har ƙarfe ya fito fes. Shi ma sabon faifan yana zuwa da mai a jikinsa na hana tsatsa, a wanke da feshin wanke birki kafin ya haɗu da fad. In kuma tsohon faifai za'a bari a auna kaurinsa, akwai lamba a jikinsa kusa da rubutun MIN TH, in ya gaza haka ya gama yayi. Ƙurar birki kuma ba'a hure ta da baki ko iska, fesawa ake yi a goge.

Giris. Fil biyun da kalifa ke zamewa a kansu a zare su, a goge, a shafa giris na silikon wanda aka yi dan birki. Giris ɗin biyarin na yau da kullum yana kumbura roba, fil ya maƙale, fad na ciki ya ƙare na waje yana nan sabo. Kaɗan ake sawa, kuma ko ɗigo kar ya taɓa fuskar fad ko faifai. Ƙananan kilif ɗin da fad ke zama a kansu in sun zo a kwali a canza su, a kankare tsatsar ƙarƙashinsu, fad ya shiga da hannu yana motsi, in sai da guduma ya shiga akwai matsala.

Canza gefe ɗaya ba tattali bane. Fad da faifai bibbiyu ake canza su, hagu da dama. Amma a gama gefe ɗaya kafin a kwance ɗayan dan a samu abin dubawa in kai ya ɗaure.

In kalifa ake canzawa, akwai ta hagu akwai ta dama, kuma a motoci da yawa kowacce zata ɗauru a kowane gefe, nan ne tarkon. Notin fitar da iska dole ya kasance a sama, dan iska sama take taruwa. In yana ƙasa ko galan guda na mai ka zuba feda bazata yi tauri ba. Notin da ke haɗa tiyo da kalifa yana da washa biyu na jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sababbi ake sawa, kuma a duba kar tsohuwar ta manne a ninka biyu. Tiyo kar ya murɗe.

Wajen cire iska mutum biyu ne: ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya buɗe ya rufe, sai an rufe sannan a ɗaga ƙafa. Wanda ke ciki in ya saki da wuri iska ta koma. Ido na kan tanki kullum, in ya ƙafe iska ta shiga masta, wato famfon da feda ke turawa, har ma ABS mai hana taya cijewa, aikin taya ɗaya ya koma na mota gaba ɗaya. A tsohuwar mota a sa ɗan katako ƙarƙashin feda kar ta kai ƙasa, dan robar masta na iya yagewa in ta shiga wurin da bata saba kaiwa ba. Nau'in mai kuma a duba murfin tanki, a nan ake rubuta lambar DOT ɗinsa. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 jinsi ɗaya ne, DOT 5 na silikon ne baya haɗuwa da su. Kwalbar da ta daɗe a buɗe a bar ta, man yana shan danshi daga iska.

Ɗaure noti da ƙiyasi shi ma kuskure ne, musamman na fil da na tiyo da basa son ƙarfi, su ake yawan karyawa, na burakit, wato ƙarfen da kalifa ke ɗaure a kansa, kuma su ke son ɗauri sosai. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri da lambobin littafin motar su ne maganin. Notin taya a ɗaure su a gicciye, ba a jere ba.

An gama, an sauke mota, kar a sa giya tukuna. A taka feda sau da yawa har tayi tauri, dan takun farko ƙasa zata tafi tunda fistin yana can ciki, wallahi motoci da yawa a nan suka daki bango. A ja hambirki a saki 'yan lokuta ya saita kansa, a cika mai zuwa layin MAX, a leƙa ko akwai yoyo a bakin tiyo. Sannan dan fad ya zauna daidai da faifai a samu hanya mara cunkoso, daga gudun kamar kilomita 50 ko 60 a awa a rage zuwa wajen 10 da matsakaicin taku, sau takwas zuwa goma, ba tare da tsayawa cak ba, sai a ɗan yi tafiya ya huce kafin a faka, in kamfanin fad ɗin ya rubuta nasa tsarin a kwali a bi nasa. Da an dawo a kai hannu kusa da kowane wili na baya ba tare da taɓawa ba, in ɗaya yafi ɗaya zafi sosai ko yana warin ƙuna to wannan gefen yana kamawa, a sake ɗaga shi a duba fil da wayar hambirki.