Yadda Ake Haɗa Garin Kunun Yara Daga Gero, Waken Soya da Gyaɗa

Yaro yana iya ƙoshi kullum amma jikinsa yana fama da rashin sinadarin ƙarfe, zink da bitamin A, abin da ma'aikatan lafiya ke kira ɓoyayyar yunwa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Wani ɓangare na matsalar yana cikin kofin kunun da ake ba yaro bayan ya cika wata shida, domin tsinkakken kunun gero zalla yana cika ciki ne kawai. Garin da aka fi sani da Tom Brown, wanda ake koya wa iyaye mata musamman a Arewa maso Gabas, an tsara shi ne don cike wannan giɓi da kayan da ke kasuwar kowane ƙauye.

Mataki na farko shi ne awo. Ana ɗaukar awo shida na hatsi, wato gero ko dawa ko masara ko haɗinsu, da awo uku na waken soya, da awo ɗaya na gyaɗa. Ko da gwangwanin madara aka auna ko da kwano, abin lura shi ne a yi amfani da ma'auni guda daga farko har ƙarshe.

Mataki na biyu shi ne tsinta, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. A baza gyaɗar a faifai a wuri mai haske, a fitar da duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi, ta fashe, ko ta nuna alamar funfuna. Irin wannan funfuna tana haifar da gubar aflatoksin, wadda bincike ya tabbatar tana jawo ciwon dajin hanta, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kawar da ita yadda za a dogara da ita, don haka wanda ya ce wuta za ta kashe komai ya yi kuskure. Haka za a yi wa masara. Kada a ji asarar ƙwayoyin da aka ware, kada kuma a ajiye su don yin ƙuli-ƙuli.

Daga nan sai jiƙo. A wanke hatsin da waken soyan, a jiƙa kowanne a mazubinsa ya kwana. Hikimar ita ce hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai suna fitet, wanda ke riƙe ƙarfe da zink ya hana hanji tsotse su, jiƙo kuwa yana rage shi. Da safe a zubar da ruwan, a murza waken tsakanin tafukan hannu har ɓawon ya saki ya taso saman ruwa, a tsiyaye shi. Sai a shanya komai a kan tabarma mai tsabta, nesa da kaji da awaki, har ya bushe ƙarau. Idan aka ciji ƙwaya aka ji ta da taushi, to da sauran shanya.

Suya ita ce ta huɗu, kuma kowanne daban ake soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan-kaɗan, saboda ba lokaci ɗaya suke yi ba. Waken soya ne ya fi buƙatar haƙuri: a riƙa juyawa har ya yi launin ƙasa-ƙasa, ƙarnin ɗanyen wake ya tafi, domin ɗanyensa yana hana jiki narkar da furotin, wato sinadarin gina jiki. Bayan sun huce a murje ɓawon gyaɗar, a haɗa su a kai inji, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Gara a riƙa yin na mako biyu ko uku, tunda man gyaɗar yana sa gari ya canza wari idan ya daɗe.

Wajen damawa, a kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa ana juyawa har ya dahu sosai. Ga gwajin da ba ya buƙatar kuɗi: a ɗebo kunun a cokali a karkata shi. Idan ya zube kamar ruwa, ya tsinke da yawa. Wanda ake so shi ne wanda zai ɗan tsaya kafin ya sauka a hankali. Iyaye da dama suna tsinka kunu don tsoron kada yaro ya ƙware, amma cikin jariri ƙarami ne, ruwa yana cika shi kafin abinci ya samu wuri.

Garin shi kaɗai bai wadatar da bitamin A ba, kuma ƙarfen da ke cikin tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Saboda haka a riƙa ƙara masa ƙaramin cokali na manja, ko garin zogale da aka shanya a inuwa, ko garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, ko 'yar hanta da aka dafa aka murƙushe. Bayan kunun a ba shi gwanda, mangwaro ko ruwan lemo, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfe. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a raba shi da lokacin cin abincin yaro. Zuma ma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ciyar da ɗan wata 6 zuwa 8 sau biyu ko uku a rana, ɗan wata 9 zuwa 23 kuma sau uku ko huɗu, tare da ci gaba da ba shi nono har shekara biyu.

Wannan gari abinci ne, ba maganin tamowa mai tsanani ba. A danna bayan ƙafafun yaro da babban yatsa na daƙiƙa uku: idan gurbin yatsan ya zauna a ƙafa biyun, kumburin tamowa ne. Haka nan idan igiyar da ma'aikatan lafiya ke auna kaurin damtsen yaro da ita ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko yaron ya ƙi cin komai, a kai shi asibiti a ranar, inda za a duba shi a ba shi abincin magani na musamman.