Yadda Ake Girka Abinci Mai Ƙarancin Maiƙo a Sansanin Rage Ƙiba na Yara

An fi sanin sansanonin rage ƙiba a Amurka da Ingila, inda yara kan yi makonni a lokacin dogon hutu suna motsa jiki, ana kuma koya musu tsarin cin abinci. Matsalar da ta haifar da su kuwa ta game duniya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima. Duk wanda aka ɗora wa girkin irin waɗannan yara, aikinsa shi ne ya rage mai a tukunya ba tare da ya bar yaro da yunwa ba.

Abu na farko shi ne a daina tsiyaya mai kai tsaye daga galan, a riƙa auna shi da cokali. Kowane giram na mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), alhali giram na sitaci ko na furotin kalori 4 ne kacal, kuma babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ya kai kimanin kalori 120. Cokali biyar sun ishi miyar yara goma matuƙar an wadata ta da albasa, daddawa, citta da tumatir, domin yawancin daɗin miya daga kayan ƙamshi yake fitowa. Idan an dafa nama, a bar romon ya huce a kwashe maiƙon da ya taso sama, a yanke kitse tun kafin a ɗora, kaza kuwa a cire mata fata.

Sai a sauya hanyar girkin kanta, kuma a nan ne aka fi samun riba. Waken da ake soya ƙosai da shi, shi ne dai ake turara alale da shi, amma ƙosai yana shan mai a kasko, alale kuwa ɗan kaɗan yake buƙata. Haka dafaffen ƙwai ya fi soyayye, kifi a gasa shi ko a yi farfesunsa, dankali a dafa ko a gasa, awara a jefa ta cikin miya a maimakon suya. Ɗanwake da garau-garau ba su da laifi a kansu, laifin yana ga man da ake malala musu, don haka mai girki ya zuba wa kowane yaro ƙaramin cokali da hannunsa, ya cike da kabeji, latas da tumatir. A ganina miyar kuka da ta kuɓewa sun fi kowace dacewa da wannan tsari, saboda ko da mai kaɗan suna tafiya da tuwon dawa lafiya lau. Nonon da aka kaɗe aka cire man shanunsa ya fi kindirmo sauƙin maiƙo.

Kada kuma a wuce gona da iri. Jikin yaro yana buƙatar mai don ya amfana da bitamin A, D, E da K, kuma a ƙa'idar da masana abinci ke bi a Amurka, kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na kalorin yaro mai shekara 4 zuwa 18 daga mai ya kamata ya fito. Gyaɗa kaɗan, kifi da ƙwai su ci gaba da zuwa faranti. Yaran da ba su kai shekara biyu ba, ba a rage musu maiƙo.

Sukari ma abin lura ne, domin kayan gwangwani da yawa da aka rubuta musu ƙarancin mai an ƙara musu zaƙi don a cike gurbin ɗanɗano. A maye gurbin lemon kwalba da ruwa ko zoɓo mai ɗan zaƙi kaɗan, a ba da kankana, gwanda ko goba tsakanin abinci.

Wajen rabo, rabin faranti ya zama ganye da kayan lambu, sauran rabin a raba shi tsakanin tuwo ko shinkafa da nama, kifi ko wake. A ci sau uku a rana a kan lokaci, manya su ci irin abin da yaran suke ci, wanda bai ƙoshi ba a ƙara masa ganye da wake. Yaron da ke da ciwon sukari ko wata lalura, likita ne zai tsara masa abincinsa tun kafin ya shiga sansanin.