Kurakuran da aka fi yi wajen gane funfunar da ke sa tabo a ganyen bishiyar turare da kuma sa mata suna

Bishiyar turare, wadda masana tsirrai ke kira Eucalyptus, tana da nau'o'i fiye da 700, kuma kusan dukkansu asalinsu daga Ostireliya ne. Funfunar da ke fitar da tabo a ganyenta ita ma tana da yawa ƙwarai, kuma wanda ya kuskure sunanta zai iya kuskure maganinta, ko ya kai rahoton wata cuta a ƙasar da babu ita.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne a dubi tabo da ido a yanke hukunci. Tabo mai launin ƙasa da jan kewaye yana iya fitowa daga funfuna iri-iri, yana kuma iya fitowa daga ƙwayoyin bakteriya irin su Pantoea ananatis, ko daga tsotson ƙwari, ko ƙarancin abinci a ƙasa, ko ƙunar maganin ciyawa. Ido yana da nasa amfani, domin tabon funfunar Pseudocercospora yakan zama mai kusurwa saboda jijiyoyin ganye suna yi masa iyaka, tsatsar Austropuccinia psidii kuma takan fitar da gari rawaya a kan sabon toho. Amma wannan nuni ne kawai. Gyaran shi ne a juya ganyen a duba bayansa da gilashin ƙara girma, a nemi ɗigo-ɗigon baƙaƙe masu kama da barbaɗen barkono, waɗanda a cikinsu ƙwayoyin iri suke, sannan a rubuta ko a fuska ɗaya suke ko a fuskoki biyu. Wajibi ne kuma a rubuta ko ganyen na ƙuruciya ne ko na girma, domin bishiyar turare tana sauya siffar ganye yayin da take girma. Teratosphaeria nubilosa ta fi kama ganyen ƙuruciya na Eucalyptus globulus da Eucalyptus nitens, ɗigoginta kuma galibi a bayan ganye suke, alhali Teratosphaeria cryptica tana kama ganyen ƙuruciya da na girma, ɗigoginta suna fitowa a fuskokin biyu. Mutum ya tsinko ganye ya jefa a leda ba tare da wannan bayani ba, ya riga ya zubar da rabin shaidarsa tun kafin ya isa ɗakin gwaje-gwaje.

Daga nan sai kuskuren ɗauka cewa tabo ɗaya funfuna ɗaya ce. An sha samun nau'o'i da dama a ganye guda, har ma a cikin tabo guda, wasu su ne suka kashe naman ganyen, wasu kuwa sun zo ne daga baya suna cin mushe. Matsalar takan bayyana a farantin raino, wato farantin da ake tsirar da funfuna a cikinsa a ɗakin gwaje-gwaje. Idan aka yanki guntun tabo aka ɗora a kan abincin raino, funfuna masu saurin girma irin su Cladosporium da Alternaria da Pestalotiopsis za su mamaye farantin cikin 'yan kwanaki, ita kuwa Teratosphaeria tana girma ne a hankali, sai ta ɓace a ƙarƙashinsu, mai binciken ya ɗora laifin a kan wanda ya fara gani. Hanyar da ta fi inganci ita ce a jiƙa tabon a ruwa kamar awa biyu, a manna shi a cikin murfin faranti yana fuskantar ƙasa, a bar funfunar ta harbo ƙwayoyin irinta a kan abincin raino na malt mai kashi 2 cikin 100. Bayan kamar awa 24 sai a duba da maikuroskof a ɗauke ƙwayar iri guda ɗaya tak zuwa sabon faranti. Kafin a ɗauke ta, yana da kyau a tsaya a zana yadda ta tsiro: ta T. nubilosa takan tsiro daga ƙarshenta biyu, zaren yana bin tsawonta, ta T. cryptica kuwa takan fitar da zare daga gefe guda ya karkata ya gitta. Wannan ɗan kallo na 'yan mintoci yana raba nau'o'in da girman ƙwayoyin irinsu ya yi kusa da juna. Duk da haka, samun funfuna a tabo ba ya tabbatar da cewa ita ce mai laifi, sai an shafa ta a lafiyayyen ganye, tabon ya fito, an sake ciro ta daga ciki, kamar yadda ƙa'idojin Koch suka tanada.

Batun suna shi ne ya fi rikita sababbin shiga, kuma ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. A da, ƙa'ida ta yarda funfuna ɗaya ta riƙe suna biyu, ɗaya na matakin da take haihuwa ta hanyar barbara, ɗaya na matakin da take yaɗuwa ba tare da barbara ba. Shi ya sa mai karatu zai ga Mycosphaerella suttonii a wata takarda, ya ga Kirramyces epicoccoides a wata, ya lissafa su a matsayin cututtuka biyu, alhali halitta ɗaya ce, wadda yau ake kira Teratosphaeria epicoccoides. Haka Cylindrocladium da Calonectria suke. Taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne a 2011 ya soke wannan tsari, aka koma ga funfuna ɗaya suna ɗaya. Tun kafin wannan, a 2007, Pedro Crous da abokan aikinsa sun nuna ta hanyar nazarin DNA cewa abin da ake tarawa a ƙarƙashin Mycosphaerella ba zuriya ɗaya ba ne, sai aka mayar da manyan masu cutar da turare zuwa jinsin Teratosphaeria. Shi kansa sunan Mycosphaerella ya koma ƙarƙashin Ramularia, domin nau'in da aka kafa jinsin a kansa na can ne. Saboda haka wanda ya rubuta Mycosphaerella nubilosa a sabon rahoto ya yi amfani da tsohon suna, wanda kuma ya yi watsi da tsoffin sunaye baki ɗaya zai rasa binciken shekaru masu yawa da aka buga da su. Abin da ya dace shi ne a duba sunan da ake amfani da shi yanzu a rumbunan sunayen funfuna na intanet, MycoBank ko Index Fungorum, a rubuta shi, a ambaci tsohon sau ɗaya a farkon rubutu.

Tarihin cutar tabon ganyen turare a Afirka ta Kudu ya isa misali. An daɗe ana danganta ta ga Mycosphaerella molleriana, wadda aka fara bayyanawa daga Fotugal, daga baya a 1996 aka bayyana Mycosphaerella juvenis aka ɗauka ita ce babbar mai ɓarna, sai da nazarin DNA ya zo sannan aka gane cewa nubilosa ce ke zubar da ganyen E. nitens. Masanan da suka yi aikin farko ƙwararru ne, kayan aikin zamaninsu ne bai kai ya raba nau'o'in ba.

Sai dai shi ma DNA yana da nasa tarko, kuma a ganina nan ne masu bincike na yanzu suka fi faɗawa. A 2012 aka amince da wani yanki na DNA da ake kira ITS a matsayin babbar alamar gane funfuna, sai wasu suka ɗauka ya wadatar. Ga Calonectria da Pseudocercospora bai wadatar ba, domin nau'o'i daban-daban suna iya samun ITS kusan iri ɗaya, dole a ƙara da wasu yankuna kamar TEF1 da beta-tubulin, da actin ko calmodulin gwargwadon jinsin. Mafi muni shi ne a saka jerin DNA a GenBank, rumbun intanet da ake adana jerin DNA, don neman makamancinsa, a kwafi sunan da ya fito a layin farko. Rumbun yana ɗauke da jeri masu yawa da aka sa wa sunan da ba nasu ba, kuma duk wanda ya kwafi kuskure ya ƙara masa nauyi ga na bayansa. Kwatancin da ke da daraja shi ne wanda aka yi da jerin da ya fito daga samfurin asali, wato wanda aka jingina sunan a kansa, irin waɗanda ake ajiyewa a cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a ƙasar Holan. Idan shaida ba ta kai ga nau'i ba, a tsaya a sunan jinsi a ƙara "sp." a bayansa.

Akwai kuma masu gaggawar sanar da sabon nau'i don kawai sun same shi a wata bishiyar turare dabam ko a wata ƙasa dabam. Funfunar nan tana tafiya da iri da dashe: Teratosphaeria destructans, da aka bayyana daga tsibirin Sumatra na Indonesiya a 1996, ta bazu a ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, daga baya kuma ta ɓulla a Afirka ta Kudu. Kafin a ce sabo ne sai an kwatanta shi da duk danginsa na kusa. Idan ya tabbata sabo, tun daga 1 ga Janairun 2013 sunan ba ya inganta sai an yi masa rajista a MycoBank ko Index Fungorum ko Fungal Names an buga lambar rajistar tare da bayanin, wanda za a rubuta da Latin ko Ingilishi, an kuma faɗi ma'ajiyar da aka kai samfurin asali. A wajen rubutu, sunan jinsi yana farawa da babban harafi, na nau'i da ƙarami, kuma ba a gajarta jinsi zuwa harafi ɗaya sai an riga an rubuta shi cikakke, musamman a takardar da Pseudocercospora da Pseudoplagiostoma da Pestalotiopsis suka haɗu a shafi guda.