Haɗa ma'aikacin Tawa da wayar ofis ta Yamai

Da farko, mai kula da kwamfutocin ofis ya buɗe masa lamba, misali 205, a FreePBX (manhajar da ke tafiyar da wayoyin ofis), da doguwar kalmar sirri. Sai a sa masa WireGuard (manhajar da ke buɗe hanyar sirri ta intanet) a waya, ta nan zai shiga rezon ofis. Kada a bar ƙofar 5060 ta na'urar ofis, wadda kira ke shigowa ta cikinta, a buɗe ga kowa. Ɓarayi na lalubenta dare da rana don su kira ƙasashen waje da kuɗinku.

Sannan ma'aikacin ya sauke Linphone (manhajar kira ta intanet), ya saka lambar, kalmar sirrin da adireshin na'urar ofis. Ya buga *43, lambar gwajin murya. In muryarsa ta dawo masa, an gama.

In waya ta yi ƙara amma ba murya, a duba ƙofofin UDP 10000 zuwa 20000, waɗanda murya ke bi ta cikinsu, galibi su ne a toshe.