Yadda Ake Haɗa Jiƙon Tohon Tuffar Daji Ba Tare da Barasa Ba

Tuffar daji, wadda masana ke kira Malus sylvestris, itaciyar Turai ce mai ƙananan 'ya'ya masu tsami. Wani likitan Beljiyam, Pol Henry, shi ya yaɗa yin magani da tohon itatuwa. Masu bin tafarkinsa na ba da tohon tuffa ga matan da zafin jiki ke taso wa lokacin ɗaukewar al'ada. Wannan amfanin gargajiya ne, binciken asibiti bai tabbatar da shi ba tukuna. Jiƙon tohon da ake sayarwa a kanti galibi da barasa ake haɗa shi, shi ya sa mai tuffa a gonarsa a Jos gara ya yi nasa da gilisarin.

A tsinki tohon da sassafe, lokacin da ya kumbura, kansa ya yi kore amma ganye bai buɗe ba. Itacen da aka yi wa feshi a bar shi, domin wanki ba ya fitar da maganin ƙwari daga toho. A zuba giram 10 a kwalbar da aka tafasa ta bushe ƙarau, a ƙara gilisarin mililita 150 da tafasasshen ruwan da ya huce mililita 50. A rufe, a ajiye a inuwa mako 3 ana girgizawa kullum, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta.

Gilisarin ɗin nan shi ne wurin lura. Wanda mata ke haɗawa da man shafawa da hunturu ba na sha ba ne. A nemi na ci a kantin magani, mai lambar NAFDAC. Idan ruwa ya yi yawa kuma, jiƙon zai yi funfuna ko ya fara kumfa, tunda gilisarin ba ya kare shi sai ya rinjayi ruwan sosai. Jiƙon da ya yi haka zubar da shi ake yi. Tohon da ya kwana a leda ma baƙi yake yi.

Babba kan sha ɗigo 5 zuwa 15 a rabin kofin ruwa a rana, mako 3, ya huta mako guda. Mai ciki, mai shayarwa da yara ban da su. Mai ciwon suga ya fara tambayar likitansa, saboda itacen tuffa na ɗauke da sinadarin filorizin, wanda aka gano tun 1835, yana sa ƙoda ta zubar da suga cikin fitsari.